Yatsa Huɗu

Da hantsi Agali ya kawo ta,
farar kat-kat da ta sha hanyar Cintabaradan,
cikinta duk ƙujewa
kamar raƙumar da ta gurfana a kan tsakuwa.
Ya ce da maigidana Nomau:
"Damanar bara sau uku na kwana a kwari,
rairayi ya riƙe ta a ƙirji,
gishirin dabbobi a baya, ni kaɗai da shebur.
Ɗaga mini ita. Yatsa huɗu."

Nomau bai tanka ba.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashinta
har sai faso na dugadugansa muke gani.
Daga can murya ta fito:
"Tsahiru, kirik. Kai kuma, kile sha tara."
Ni ne Kai Kuma.
Shekara biyu a garejin nan na Tawa, sunana ke nan.

Bulon na fari ya ƙi.
Tsatsa ta kama shi tun ban fara tafiya ba.
Muka ba shi gazuwal ya sha,
muka zura kile cikin bututu, muka hau mu biyu,
sannan ya yi kukan tsohon ƙyaure, ya juya.
Muka sauke lam na baya, ganye bisa ganye na ƙarfe,
aka ƙara biyu kowane gefe,
aka ɗaura dogayen amartisar da aka sayo a Ƙwanni.
Fatar ɗan yatsana tana can har yanzu,
tana yawon Azawak ba tare da ni ba.

Sai tayoyin.
Tsawonsu ya kai mini ƙugu,
haƙora gatso-gatso, warin sabuwar roba.
Tsofaffin ko sanyi ba su yi ba
mai yankan takalma ya tsuguna yana taya su.

Da la'asar aka zare kirik,
mota ta ƙi saukowa inda muka san ta.
Agali ya kewaye ta, hannu a baya,
rawani ya ɓoye bakinsa, bai ɓoye idonsa ba.
Nomau ya ce: "Ta yi tsawo, ba ta yi hankali ba.
Kwana, a hankali. Doguwa saurin kifewa gare ta.
Mai kuma, ka shirya aljihu."

Aka tashe ta. Aka sa baya.
Ƙwaram!
Ƙarfen kaya da ke bisa kanta ya rungumi azarar rumfa,
kwano ya girgiza, ƙura da kashin tantabara suka zubo mana.
Mun auna lam, mun auna taya, mun auna birki.
Ba wanda ya ɗaga kai.

Mai shayi na ƙetaren titi ya aje buta don ya yi dariya da kyau.
Tsahiru ya ce a cire azara.
Nomau ya ce, "Ubana ya kafa ta."
Ya tsinci ƙusa a ƙasa, ya durƙusa gaban sabuwar taya,
ya danna bakinta.
Tsssss.
Kowa ya kama tasa.
Wunin da muka yi muna ɗagawa
ya fice ta ƙofa huɗu, yana huci a fuskarmu.
Ta rusuna, ta rarrafo waje,
tsakaninta da azara bai kai kaurin wuƙa ba.

Nan ne aka ɗauke wuta.
Injin iska ya yi shiru,
aka miƙo mini famfon hannu.

Magariba ta same ni a taya ta biyu,
isha'i a ta huɗu.
Kafaɗuna suna rawa, ina kallonta tana tashi,
yatsa ɗaya, yatsa biyu,
da ƙarfin tuwon da na ci jiya.
Agali ya damƙa mini jikka ɗaya, ya tambayi sunana.
Sai da na yi tunani kafin in ce Arzika.

Jajayen fitilunta suka bi hanyar Abalak, can sama da inda suka saba.

Da asuba na riga kowa zuwa, a zatona.
Na iske Nomau bisa ganga
da igiya a hannu, yana awon rumfa.