Wanda Ba a Rubuta Sunansa Ba

Ƙarfe ɗaya da kwata na dare a Tartu,
kogin Emajõgi ya daskare har gaɓa,
ni kuwa ina hawa na uku, safa biyu a kowace ƙafa,
ina kallon jan rubutu yana kwarara a allo
kamar an yi yanka a bayan gilashi.

Gini ya rushe. Ba na bulo ba,
na manhajar da za ta gaya wa motocin asibiti
wane titi aka share wa ƙanƙara, wane aka bari.
Ƙarfe takwas ake jiran ta.

Na sake dannawa. Ta sake zubewa
daidai inda ta zube ɗazu,
kamar dokin da ya tsani gada ɗaya.

Na kira Raivo. Ya ɗauka da muryar cikin bargo:
"Piret, a tawa kwamfutar lafiya lau take tashi."
Na ce, "To, mu naɗe taka mu kai wa asibiti."
Ya yi dariya, ya yi tari, ya kashe.

Layi ɗari huɗu na ƙorafi.
Na ƙarshen ya fi kowa ihu, shi ya sa na ƙyale shi;
wanda ya faɗi ba inda ya faɗi zai duba ba,
sai inda ya yi tuntuɓe.
Na yi ta hawa sama ina ja da yatsa,
kofi ya huce, baƙin burodi ya bushe a faranti,
har na iske shi, ɗan layi mai ladabi, ko ja bai yi ba:
an nemi wani laburare, ba a same shi ba.

Shi kuma ɗan gidan wa? Ban taɓa gayyatar sa ba.
Na bi salsala. Tawa ta jingina da ta taswira,
ta taswira ta jingina da ta lissafin nisa,
ita kuma, can ƙasa, ta ɗora ƙafa ɗaya
kan wani ɗan ƙunshi mai layi casa'in
wanda duk aikinsa mayar da digiri ya zama mita.
Allura ta tono garma.

Endel ne sunan da ke kansa,
wani mai awon filaye a tsibirin Hiiumaa.
Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya rubuta shi,
ya bar magana ɗaya a samansa:
"Don kaina na yi. Mai so ya ɗauka."
Raivo ya ɗauka wata Talata, ya zuba a injinsa da hannu,
ya manta bai sa shi a jerin abubuwan buƙata ba.
Shekara uku muna tafiya a gadon bayan mutum,
ko sannu ba mu ce masa ba.

Na sauko da shi. Sabon zubi ya ƙi gaisawa da sauran,
na koma baya zubi biyu.
Na rubuta sunansa da lambarsa a jerin, harafi bayan harafi,
na share komai, na fara daga fili.

Sai jira. Fankar injin tana huci.
Na tuna mahaifiyata a Põlva,
mai tashi ƙarfe biyar ta hura murhu.
Mu dai mun san gida da ɗumi yake.
Sai ranar da aka kwantar da ita a asibiti
muka ga numfashinmu yana tashi a kicin.

Uku saura minti bakwai: kore.
Kalma ɗaya tak, ba tafi, ba guɗa.
A ƙasa motar share ƙanƙara ta wuce,
fitilarta mai ruwan lemo ta lashi silin ta tafi.

Na buɗe wasiƙa: "Endel, ba ka san ni ba."
Na tsaya. Ban ma sani ba ko yana raye.
Na aika a haka,
na durƙusa neman takalmina a ƙarƙashin tebur.