Dogon Hannu

Sahabi, ka tuna bayan tsohuwar tashar jirgi a Ƙaura,
inda ƙarfen dogo ya nutse cikin ciyawa?
Mu huɗu, sirinji ɗaya,
mu ɗauraye shi da ruwan leda, mu ce ya tsarkaka.
Kai ka fi kowa iya lalubo jijiya,
ko da duhu, da babban yatsa.

Da idonka ya koma gwaiduwar ƙwai
innarka ta ce shawara ce,
ta jiƙa maka saiwar rawaya a ƙwarya.
Wata biyu kana sha,
ciki na tashi, kafaɗu na zubewa.

Ran da muka je asibiti
ka sa riga mai dogon hannu, ana tsakiyar bazara.
Mai ɗibar jini ta ce, naɗe.
Ka naɗe.
Ta dubi tabban, baƙaƙe, a jere kamar ayarin tururuwa,
ta ƙara safar hannu kan safar hannu,
ta ce da ta kusa da ita, ba ma ƙasa-ƙasa ba,
"Irin su ne."

Takarda ta fito, ciwon hanta.
Wai da sauran gwaji, sai Gusau.
Kuɗinsa ya haɗiye facin taya na wata uku,
hanyar kuma ba mai binta bayan la'asar.
Likita ya ce ka bar allura tukuna
sannan a yi zancen magani.
Ka ce, "Da zan iya bari ni kaɗai, ai da na bari."
Bai ɗago daga rubutunsa ba.

A teburin kati suka tambayi suna, unguwa, lambar waya.
Ka ba su na ƙarya,
don ba ka san hannun da littafin zai kwana ba.
Daga baya na ji wata ƙungiya ta zo da magani kyauta,
sun yi ta kiran mutumin da babu shi.

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗinka.
Innarka ta miƙo mini rigar nan, ta ce ta yi mini daidai.
Ta yi.

Kullum da safe nakan ja fatar idona
a madubin babur ɗin Nafi'u,
in duba fari ne ko ya fara juyawa.
Har ƙofar asibitin na je sau biyu,
na sayi gyaɗa a bakin get, na dawo.

Gobe zan shiga, Sahabi.
Shekaranjiya ma haka na ce.