Mai Ƙafafu a Hanyar Epe

Sawu na sha ɗaya ke nan tun asuba.
Na ɗaga bayan tifa, yashi ya zube,
ruwan fadama ya ja baya taku biyu
kamar wanda aka daka wa tsawa a gidansu.

Ita tana nan tsaye.
A garinmu itace kan binne saiwarsa
yadda dattijo ke rufe bakin aljihu.
Wannan ta fito da nata fili,
ƙafafu ashirin ko fiye, duk cikin laka,
ka ce mace ce ta tattare zani za ta haye rafi
sai wani tunani ya riƙe ta
shekara sittin.

Ƙaguwa na haya a ƙasanta, ba ta biya.
Jemagu na da sama.
Da azahar Iya Abeni kan turo kwale-kwale
ta ratsa tsakanin ƙafafun ba ta ko sunkuya sosai ba,
ta fito da tarwaɗa uku
da cikin kwano na 'ya'yan itacen.

Ran nan ta miƙo min ta tagar mota.
Ba su kai kanya kyau ba,
fatar kaushi, launin tsohuwar tabarma.
Na ce mene ne sunanta?
Ta faɗa, sau biyu ma,
ƙarar katafila ta haɗiye shi.
Na gyaɗa kai kamar na ji.

Na gatsa.
Zaƙin bai yi gaggawa ba,
sai da ya gama gaisawa da haƙora
sannan ya zauna can bayan harshe,
da ɗan ƙanshin ƙasar da ruwa bai taɓa bari ba.
Ƙwallaye uku na tofar a tafin hannu.
Yaron motata Sallau ya ce, Oga,
wannan ai ɗinya ce da ta zo ci-rani ta ƙi komawa.
Muka yi dariya har na ƙware.

Jiya injiniya ya zo da hular roba da jan fenti.
Bai ɗaga kai ya ga inda ta ƙare ba.
Ya shafa mata alama a ƙafa ta gaba,
ya ce nan ne ƙofar shiga,
nan za a sa fitila da ɗakin mai gadi.

Ni ba ni na sayar da fadama ba.
Ba ni na zana taswira ba.
Kuɗin sawu nake ci,
kuma Hajjo na aji biyar, littafi ba ya jiran kowa.
Haka na faɗa wa sitiyari tun daga Eleko,
bai ce min e ba, bai ce a'a ba.

Ƙwallayen suna nan cikin gwangwanin madara
kusa da giya, suna kaɗawa in na faɗa rami.
In na kai su Gumel rana za ta gasa su kafin la'asar.
Itacen da ya saba tsayawa cikin ruwa
ina zan kai shi?

Shi ya sa nake rage gudu a kan kowace gada,
ina leƙen inda yashi bai kai ba tukuna,
na baya na ta danna min oda.

Gobe sawu sha biyu aka rubuta min.
Iya Abeni ba ta fito yau ba.
Sunan ma ban riƙe ba.