Zaman Karkace

Ama ba ta taɓa zama daidai a kan benci ba.
Tun ina ƙarama a karkace nake ganinta,
gefe ɗaya a ƙasa, ɗaya a ɗage,
har na ɗauka haka matan duwatsun Dailekh suke zama.

Kwana shida da haihuwar ƙanena Tilak
ta rataya igiyar kwando a goshi,
ta haura tudu da ciyawar ɓauna.
Can tsakanin gonar masara da ta gero
wani abu ya saki a cikinta.
Ta ce kamar an kwance bakin buhu.
Ta mayar da shi da yatsu, ta tare da tsumma,
ta ƙarasa gida da kayanta,
don ɓauna ba ta san jego ba.

Shekara ashirin da uku.
Baba ya rasu yana gadin kanti a Indiya, bai sani ba,
ko ya sani ya haɗiye.
Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ni a bakin famfo na gano,
ranar da tsumman ya ƙi fita da sabulu.

Wuni guda muka yi a mota zuwa Surkhet,
a tsaye ta yi rabin tafiyar.
A barandar asibiti na ƙirga mata goma sha huɗu,
kowacce da ɗan ƙunshinta a cinya,
kowacce a karkace.
Ba wadda ta kalli wata.

Dakta Anjila ta juya katin Ama,
ta zana mahaifa a bayansa da biro,
ta nuna jijiyoyin da suka gaji da riƙo.
Ta ce, zazzagowa ce, tana da suna, tana da aiki,
kuma ba laifinki ba ne.
Ama ta daɗe tana duban zanen.
Ta ce, ashe ɗakin da mutum biyar suka kwana bai fi haka ba?
Sai ta dangwala yatsa a tawada.

Suka cire mata awarwaro da zoben hanci,
na ƙulle su a bakin gyalena.
Allura ɗaya a gadon baya,
ƙafafunta suka yi barci suka bar ta a farke.
Daga baya ta ce ta ji ƙarar almakashi
kamar ana wanke cokula a gidan biki,
kuma wata nas ta riƙe mata hannu har aka gama,
ba ta ko tambayi sunanta ba, abin yana damunta har yau.

Awa biyu da 'yan mintuna.
Ni dai na ƙirga tayil ɗin bango, na ɓata, na sake.

Wata uku, in ji likita,
kada ki ɗauki abin da ya fi butar shayi.
Ama ta yi dariya har ɗinkin ya ja ta.
Ta ce, to ɓaunar fa, ke za ki yi mata bayani?

A motar komawa ta sami kujerar taga.
Ta zauna.
Duka biyun, daram, kamar mai kuɗi,
ta yi barci tun kafin gada.

Da muka iso na kai hannu ga igiyar kwando a ƙusa.
Ta dubi cikina, wata bakwai,
ta ce in miƙo mata lauje.
Igiyar nan da ta girme ni
a zaune ta yanka ta gida uku.