Abin da Ruwa Ya Bari

Ran Laraba Hamsatu kan hau kabu-kabu
ta nufi Wadata, rumfar Abarshi tela,
ta sayo abin da tsintsiya za ta kwashe:
bakin shadda, kunnen atamfa,
wuyan rigar da mai ita ya ce bai yi masa ba.
Buhu guda, dala ɗari.
Har yau Abarshi na zaton matashin kai take cusawa.

A ɗakinta na Bukoki takan zube ƙyallayen ƙasa,
ta tsaya kansu kamar mai zaɓen iri,
ta kai kore kusa da ja, ta ɗauke,
ta mayar, ta je ta sha ruwa,
ta dawo ta ce: a'a, faɗa suke.

Wannan na yanzu ya ci wata bakwai.
Tsakiyarsa ba daga kasuwa ta fito ba.
Shekarar da kogi ya shigo mana Saga cikin dare
ba ko sallama,
akwati ɗaya muka ciro daga laka.
Zannuwan Inna ne ciki. Ruwa ya ja musu layi
ja-ja, irin shatin shayi a faranti.
An wanke, an sake wankewa, ya ƙi.
Hamsatu ta bi layin da almakashi,
ta haɗa baki da baki,
sai ga kogin kwance daga gefe zuwa gefe,
har da lanƙwasar da yake yi kafin gada.

Ƙarƙashi auduga, ƙarƙashin auduga tsohon gwado.
Allura na nitsewa tana ɓullowa
kamar ɗan sarkawa a ruwa.
In wuta ta ɗauke sai ta bar keke ta koma hannu.
Babban yatsanta ya yi kanta,
wayarta ma ta daina gane shi.

Inna ta ce: Wa zai rufa da wannan?
Ta ce: Na bango ne, Inna, kallo ake.
Inna ta ce: Bango na jin sanyi?

Wata mai tabarau ta zo daga Filato,
ta ja da baya taku uku, ta karkata kai,
ta faɗi kuɗin da ya sa na ƙware da ruwa.
Hamsatu ta ce sai ta yi shawara.

Daren nan aka kwana ana ruwa,
ɗana Ila na rawar ɗari.
Da asuba muka tarar da bango tsirara,
ƙusa huɗu kawai.
Ila na barci, kogi ya bi ta kan ƙirjinsa,
ƙafarsa ɗaya ta leƙo wajen Saga.
Inna na zaune, yatsanta kan wani ɗan shuɗi:
Wannan na ɗaura ran sunanki.

Yayata ta daɗe tsaye.
Can ta lasa bakin zare, ta zura,
ta durƙusa a hankali don kada yaro ya farka,
ta fara ɗinke inda ƙusa ta yaga.