Kwalbar da Ke Aljihun Baba

Zdravka ta tsinci kwalbar a aljihun kwat ɗin babanta,
wata uku bayan an kai shi makwanci a Kazanlak.
Man wardi ne, sanyi ya daskarar da shi,
sai da ta jimƙe shi a tafin hannu ya saki jiki.

Da dare, ɗakin gwaji ba kowa,
ta zuƙi ɗigon da bai kai ƙwallar sauro ba,
ta tsira wa na'ura allurar a baki mai zafi.
Ɗigo ya zama tururi.

Iskar hiliyom ta kora shi
cikin bututu siriri kamar gashin wutsiyar doki,
mita talatin, naɗe kamar gammo a cikin tanda.
Marasa nauyi suka yi gaba,
masu son jiki suka tsaya shafar bango,
kowa da mintin isowarsa.

A ƙofar fita ba a tambayar suna.
Ruwan lantarki ake yi wa baƙo ya tarwatse,
a auna ɓarɓashinsa ɗaya bayan ɗaya.
Tulu da randa ba sa fashewa iri guda,
daga tsingaro ake gane mai shi.

Tana jiran sitronelol,
sai wani ya riga shi tsayawa a allo,
dogo, ba kunya.
Na'ura ta laluba kundinta, ta ce isomenton.
Ta sake allura. Shi ne dai.
An tsinka man da na jeraniyom mai araha.

Dobri, da ba ya yarda a tsinki fure bayan hantsi,
wai rana ɓarauniyar ƙamshi ce.
Dobri, da ya kori ɗan ƙwadago kan ganye uku a buhu.

Ta juya kwalbar, ta ga shekarar da ya rubuta da fensir:
shekarar da ƙanƙara ta kwantar da gonar a dare ɗaya,
shekarar da ta tafi Sofiya karatu
da sabon takalmi
da kuɗin da ba ta tambayi asalinsu ba.

Tanda na hucewa, fanka na gunaguni.
Na'ura ta san nauyin kowane gutsure,
ba ta da ma'aunin dalili.

Ta shafa sauran a wuyan hannu.
Hanci bai kama komai ba,
sai asubahin watan Mayu
da tarin mutum a tsakanin kunyoyi.