Kanta

Shekara talatin da ɗaya a Paracho
ina gogar jita a shagon Don Anastacio.
Wuya nake gogewa, da ƙugu, da ciki,
har katako ya yi santsin kumatun jinjiri.
Dubu nawa suka bi ta hannuna? Ban ƙirga ba.
Duk bebaye suke barin teburina.
A ɗaki na gaba ake ɗaura musu tsirkiya,
a hannun wasu suke koyon magana.
Ni ce mai tuyar da ba ta san ɗanɗanon wainarta ba.

Ran da na ajiye aiki, maigida ba kuɗin sallama,
sai ya miƙo min wata mai tabo a ƙugu
wadda baƙi suka yi ta juyawa, suka ƙi tayawa.
Na san tabon.
Hannuna ne ya zame, makon da muka binne Cirilo.

Malamata Yunuen, jikata, shekara sha biyu,
haƙurinta bai kai cikin cokali ba.
"Kaka, sassauta, ba wuyan kaza ba ne!"
"Kaka, nan na ce, ba can ba."
Na danna, na kaɗa.
Tsirkiya ta yi kukan ƙuda a kwalba.
Karen maƙwabta ya dube ni, ya sake inuwa.

Kantar tafina ta kai kaurin takalmi,
ashe kan yatsu ɗanye ne sharaf.
Tsirkiya ta zana musu layi, jawur,
da dare ko ƙullin masara na taɓa sai na ji.
Daga Do zuwa Sol taki biyu ne, in ji yarinya.
A wurina tafiyar Uruapan ce a tsohuwar bas,
tsayawa a kowace kwana,
manuni ya sauka, na tsakiya ya hau,
ɗan autan yatsu yana can baya yana neman takalminsa.

Wata uku.
Na ce zan rataye ta a bango, kusa da kalanda.
Na rataye. Kwana biyu na sauko da ita.

Jiya da safe, ruwa na dukan kwano,
wake na tafasa, Yunuen tana makaranta,
na jera yatsun ba tare da na duba ba,
na saki babban yatsa.

Shida suka amsa, tar, ba ƙuda ko ɗaya.
Ba a kunne na fara ji ba,
a ciki na ji, inda katakon ya jingina,
yana rawa, shi da tabonsa.
Ashe abin da suke faɗa ke nan bayan sun bar ni.

Na sake gwadawa. Ƙuda ya dawo.
Wake ya kama ƙauri.
Yarinyar ba za ta yarda ba,
kuma ba ni da shaida sai kare.